Yadda kuka ta koma dangin su kuɓewa

Duk wanda ya tsaya gaban mai kayan miya a kasuwar Rimi ta Kano ko babbar kasuwar Maraɗi zai ga garin kuka a kwano ɗaya, busasshiyar kuɓewa a wani, ga lalo, ga zoɓo, can gefe kuma mai goro yana yayyafa wa hajarsa ruwa. Ɗalibin da ya karanta ilimin tsirrai a Zariya ko Ibadan a shekarun 1980, an koya masa cewa waɗannan kaya dangi huɗu ne daban-daban. Kuka da rimi suna Bombacaceae, goro da koko suna Sterculiaceae, lalo yana Tiliaceae, kuɓewa da yakuwa da rama da auduga su kaɗai ne 'yan Malvaceae. Ɗansa da ya shiga wannan aji a yau zai tarar an rushe katangun, an tattara kowa wuri ɗaya da sunan Malvaceae. Kuka ba ta sake ganye ba, goro bai sake ɗaci ba. Masana ne suka sake shawara, bayan sun shafe fiye da shekara 300 suna gardama a kan abin da ake dubawa a gane ɗan'uwa a cikin tsirrai.

Mutanen da sun fi kula da amfani. Theophrastus, almajirin Aristotle a ƙasar Girka, ya raba tsirrai bisa girmansu, daga manyan itatuwa zuwa ciyayi. Ibn al-Baiɗar, mutumin Malaga ta Andalus wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya tara bayanin magunguna da abinci kusan 1,400, ya jera su bisa haruffa, don likita ya samu abin da yake nema da sauri. Wannan ya wadatar har zuwa lokacin da jiragen ruwan Turawa suka fara dawowa daga Amurka da Indiya da gaɓar Afirka ɗauke da dubban tsirran da babu su a littafin kowa.

A nan aka fara neman tsari. Andrea Cesalpino na Italiya, a 1583, ya ce a dubi 'ya'ya da ƙwaya. John Ray na Ingila ya lura da abin da kowace mai ɓarar gyaɗa ta sani: ƙwayar gyaɗa ko wake tana rabewa ɓari biyu, ta gero ko masara ba ta rabewa. Ya raba tsirrai masu fure zuwa masu ɓari ɗaya da masu ɓari biyu, rabon da ya rayu kusan ƙarni uku. A 1689 kuma Pierre Magnol, malami a Montpellier ta Faransa, ya aro kalmar dangi daga zaman mutane ya ɗora wa tsirrai, ya lissafa dangogi 76.

Sai Carl Linnaeus, ɗan limamin coci daga Suwidin, ya zo da hanyar da ta fi kowace sauƙi. A cikin fure akwai siraran zare masu ɗauke da gari rawaya, su ne ɓangaren namiji, a tsakiyarsu kuma akwai macen da ke zama 'ya'ya. Linnaeus ya ce a ƙirga mazan, a duba yadda suke tsaye, shi ke nan. Da haka ya yi aji 24 a 1735. Ya riƙa kwatanta fure da ɗakin aure mai mace ɗaya da maza biyar ko goma, har wani masani a Saint Petersburg, Johann Siegesbeck, ya ce wannan batsa ce, bai dace a koya wa matasa ba. Amma tsarin ya karɓu, domin ko matuƙin jirgi mai ɗan tabarau a aljihu zai iya aiki da shi. A 1753 Linnaeus ya fitar da Species Plantarum, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu, sunan gida da sunan iri, kuma daga wannan littafi ake fara lissafin sunayen tsirrai na kimiyya har yau.

Matsalar ita ce ƙirgen ba ya sanin zumunci. Rake yana da maza uku, ya tafi aji na uku. Shinkafa tana da shida, ta faɗa aji ɗaya da albasa. Masara, saboda namijinta yana kan tozo macen kuma tana goyo, ta tafi wani aji can gaba, dawa ma ta tafi nata daban. Manomi ko yana barci ya san su huɗun nan 'yan ɗaki ɗaya ne. Linnaeus ma ya sani, ya kuma faɗa da bakinsa cewa tsarinsa na wucin gadi ne kafin a samu wanda ya bi ainihin halitta.

Wanda ya fi kowa ƙin jiran wannan rana wani saurayi ne Bafaranshe, Michel Adanson. A 1749, yana ɗan shekara 22, ya sauka a Saint-Louis ta Senegal a matsayin ƙaramin ma'aikacin kamfanin Faransa da ke sayen ƙaro da bayi a wannan gaɓa. Ya yi kusan shekara biyar yana yawo, ya koyi yaren Wolof, ya tara tsirrai da kifaye da katantanwa. A can ya fara ganin kuka, ya auna kaurinta da hannuwansa yana mamaki. A wasu 'yan tsibirai kusa da inda Dakar take yanzu ya tarar da sunayen da matuƙan jirgin Turawa suka sassaƙa a jikin kukoki ƙarni biyu ko uku kafin zuwansa, ya yi lissafin saurin girmansu, ya ce wasu sun haura shekara 5,000. Ya yi ƙari, don awon zamani bai kai da tsofaffin kukoki nesa da shekara 2,500 ba, amma dabarar ta mai hankali ce. Wani abin sha'awa, Wolof suna kiran garin kuka da suke zubawa a abinci lalo, sunan da mu muka ba wani ganyen daban mai yauƙi.

Senegal ta koya wa Adanson cewa ma'aunin Turai ba ya aiki a ƙasar zafi. Da ya koma gida sai ya ɗauki hanya mai wahala. Ya tsara tsirrai sau 65, kowane karo bisa siffa guda: sau ɗaya bisa saiwa, sau ɗaya bisa ganye, sau ɗaya bisa ƙwaya, har da ɗanɗano da ƙamshi. Tsirran da suka yi ta faɗawa wuri ɗaya a yawancin jerin, su ya kira dangi. A littafinsa Familles des plantes na 1763 ya fitar da dangogi 58. Linnaeus ya riga ya sa wa kuka suna Adansonia digitata don girmama shi, amma mutumin ya ƙi amfani da sunan, ya ci gaba da rubuta Baobab, domin a ganinsa sunan da aka tarar ana kiran abu da shi ya fi cancanta. Taurin kai irin wannan, da wata sabuwar ƙa'idar rubutun Faransanci da ya ƙirƙiro wa kansa, sun sa mutane suka guje wa littafin. Juyin juya halin Faransa ya cinye ɗan abin da yake samu. Ana ba da labarin cewa da aka gayyace shi zaman sabuwar majalisar masana, ya aika cewa ba shi da takalmin zuwa. Ya rasu a 1806, ya bar wasiyyar a ɗora wa kabarinsa furanni daga dangoginsa 58.

Ladan aikin ya tafi gidan Jussieu. Bernard de Jussieu ya shuka lambun Sarki Louis na 15 a Trianon dangi-dangi tun 1759, bai buga tsarin a littafi ba. Ɗan ɗan'uwansa, Antoine-Laurent, shi ya fitar da Genera Plantarum mai dangogi 100 a 1789, makonni kaɗan bayan mutanen Paris sun fasa kurkukun Bastille. Ya saɓa wa Adanson a abu ɗaya: ya ce siffofi ba nauyinsu ɗaya ba, yawan ɓarin ƙwaya ya fi launin fure faɗa a ji. Kusan kashi uku cikin huɗu na sunayen dangoginsa suna nan ana aiki da su. Kuma a wurinsa kuka tana ɗaki ɗaya da auduga. Sai a 1822 Carl Kunth, Bajamushe, ya cire ta ya yi mata dangi na kanta tare da rimi.

Har zuwa nan, dangi kalmar aro ce kawai, ma'anarta masu kama da juna. Littafin Charles Darwin na 1859 ya sa masana suka fara ɗaukar kalmar da gaske, wato tsirran dangi ɗaya sun fito daga kaka ɗaya, suka rarrabu a hankali cikin dogon zamani. Manomin Damagaram da ke cire shibra daga gonar gero ya san ƙaramin misalin wannan, ya san ita da geron jininsu ɗaya ko da ba ta cika rumbu. George Bentham da Joseph Hooker na lambun Kew a Landan sun kwashe daga 1862 zuwa 1883 suna bayanin dangogi kusan 200 da gidaje fiye da 7,500, yawancinsu daga busassun samfuran da suka duba da idonsu. Hooker aminin Darwin ne, kuma shi Darwin ya rubuta wa wasiƙa a watan Yulin 1879 yana kukan cewa yadda tsirrai masu fure suka bayyana kwatsam a cikin duwatsun tarihi, suka yaɗu da sauri, wani mugun sirri ne da ya hana shi sakat.

Da aka yarda akwai kaka, sai gardama ta koma kan kamanninta. Adolf Engler na Berlin, wanda shi da Karl Prantl suka fara fitar da babban kundin dangogin tsirrai a 1887, ya sa furanni marasa ado, waɗanda iska ke kai wa gari, a farkon jeri. Charles Bessey na Nebraska a Amurka ya ce a 1915 an juya abin: furen farko babba ne mai sassa da yawa a warwatse, irin na magnoliya, ƙananan kuwa raguwa suka yi daga baya. Manyan ma'ajiyoyin busassun tsirrai suka rabu, wasu suka jera akwatunansu bisa Engler, ƙasashen da Ingila ta mallaka suka bi Bentham da Hooker.

A wannan zamani ne ƙasar Hausa ta shiga labarin sosai. John McEwan Dalziel likita ne ɗan Sikotlan da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya a farkon mulkin Turawa. Duk inda aka tura shi yakan tsinki ganye da fure ya matse a takarda, ya tambayi mutanen gari suna da amfani. A 1916 ya buga A Hausa Botanical Vocabulary. Masu maganin gargajiya da makiyaya da matan da suka ba shi wannan ilimi, sunansu bai shiga bangon littafi ba, nasa kuwa yana manne da itacen hano, Boswellia dalzielii. Bayan ya bar aikin likita ya koma Kew, shi da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, littafin da ya zama madogarar masu nazarin tsirran yankinmu.

Hutchinson ya shiga Kew a matsayin mai aikin lambu, ya zama ɗaya daga cikin manyan masana dangogin tsirrai na duniya. Amma ya kafe a kan wani ra'ayi: ya raba masu ɓari biyu gida biyu, zuriyar itatuwa da zuriyar ciyayi, kamar dai an koma zamanin Theophrastus ta bayan gida. Kusan babu wanda ya bi shi a kan wannan. Wake mai yaɗo da tsamiya da ɗorawa da gawo duk 'yan kwanso ne, girman jiki bai raba su ba.

Sunayenmu na Hausa ma suna da irin wannan tarko, kuma ba abin kunya ba ne tunda manyan Kew sun faɗa cikinsa. Namijin goro ba ya haɗa komai da goro in ban da tauna. Gwandar daji da gwandar gida sun yi nisan da ya fi na kuka da kabeji. Bahaushe da kansa ya ce kama da wane ba ta wane.

Ɗaya daga cikin tsare-tsaren ƙarshe da aka gina kan ido da tabarau shi ne na Arthur Cronquist na lambun tsirrai na New York, wanda ya fito cikakke a 1981, tare da na abokinsa Armen Takhtajan na Tarayyar Sobiyet. Shi aka koyar a jami'o'in duniya da yawa. Cronquist ya rasu a 1992 yana tsakar duba samfura a wata ma'ajiya a jihar Utah. Shekara ɗaya bayan haka ginin ya fara tsagewa.

A 1993 Mark Chase da abokan aikinsa 41 suka buga sakamakon wani aiki a mujallar lambun tsirrai na Missouri. Sun ɗauki gaɓa ɗaya ta DNA mai suna rbcL, wadda ke cikin kowane koren ganye domin da ita tsiro ke ƙera sinadarin da yake kamo iskar da yake haɗa abincinsa da ita. Tsawonta haruffa 1,400 da 'yan kai ne. Suka karanta ta a tsirrai kusan 500, suka ba kwamfuta ta yi makonni tana lissafi. Dabarar mai sauƙin fahimta ce ga duk wanda ya san kwafar littafi da hannu: idan magatakarda ya yi kuskure, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji kuskuren, don haka kwafi biyu masu kuskure iri ɗaya daga tushe ɗaya suke. Da wannan aka zana bishiyar zumunci ba tare da an kalli fure ko ɗaya ba.

A 1998 masana 29 suka fitar da sabon tsari. Ba su sa masa sunan mutum ba, suka kira kansu ƙungiya, APG a taƙaice, abin da bai taɓa faruwa ba a fagen da aka saba cewa tsarin wane da tsarin wane. Ƙa'idarsu ita ce dangi sai ya ƙunshi kaka ɗaya da dukan jikokinta, ba a bar kowa a waje ba. Sun fara da dangogi 462, aka yi gyara a 2003 da 2009, na 2016 ya tsaya a kan 416.

Mafi yawan dangogin da ido ya gano sun tsira, kuma wannan yabo ne ga su Jussieu. Ciyayi su gero da dawa suna nan yadda suke, haka 'yan kwanso, haka dangin shuwaka. Amma inda aka yi ɓarin, an yi shi da yawa. Masu ɓari biyu na John Ray sun tashi daga zama zuriya guda. Zogale da gwanda sun bayyana maƙwabtan kabeji ne na jini, abin da wani masani, Rolf Dahlgren, ya hango wani ɓangarensa tun shekarun 1970 daga sinadarin yaji-yajin da ke jikinsu, wanda duk mai tauna ɗanyen zogale ko ƙwayar gwanda ya san shi. Ƙuduji, wuta-wutar da ke shanye dawa da gero ta ƙarƙashin ƙasa, an ɗauke ta daga tsohon danginta an haɗa ta da sauran masu tsotsar saiwar wasu a Orobanchaceae. A 1999 kuma aka gano cewa reshen da ya fara rabuwa da sauran tsirrai masu fure duka, iri ɗaya tak ya rage a cikinsa, wani ɗan itace mai suna Amborella da ba ya fitowa ko'ina sai tsibirin New Caledonia a tekun Pasifik. Reshe na biyu a tsufa shi ne na bado, wannan dai da yara ke tsinka a tafki da damina.

Dangogin nan huɗu na kasuwar Rimi kuwa, DNA ta nuna sun cuɗe da juna yadda ba za a iya yanka su huɗu ba sai an raba uwa da ɗa, sai aka haɗe su. Yauƙin da ke cikin kuka da kuɓewa da lalo gadon gida ne, kuma mai noman auduga ya daɗe da sanin tsutsar da ke huda masa ƙwallo ba ta ƙin kuɓewa. Sai dai kada uwargida ta yi saurin cewa tukunyarta ta riga masana. Karkashi ya fi su duka yauƙi, amma shi ɗan'uwan riɗi ne, ba shi da gado a gidan.

Gyaran zumunci yakan taɓa suna, kuma a nan aka yi rigimar da har yau wasu masanan Afirka ba su huce ba. An gano cewa itatuwan da ake kira Acacia ba zuriya ɗaya ba ne, dole a raba su. Bisa ƙa'ida sunan na ɓangaren bagaruwa ne, don ita ce asalin mai sunan, tun Girkawan da suka san ta a bakin kogin Nilu. Amma Ostireliya tana da iri kusan 1,000, ta nemi a bar mata sunan don kada a sake rubuta dubban takardu. A taron masana tsirrai na Vienna a 2005, kusan kashi 55 cikin 100 na ƙuri'u sun ƙi, amma an ce sai da kashi 60 za a iya kayar da buƙatar. Taron 2011 ya tabbatar da hukuncin, kuma a Melbourne aka yi shi. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara mai ba da ƙaro ta koma Senegalia senegal. Raba su kimiyya ce. Wanda aka bar wa sunan kuwa, a ganina, yawan wakilai da ƙarfin aljihu ne suka yi aiki.

Sirrin da ya dami Darwin bai gama warwaruwa ba. Garin fure mafi tsufa da aka tono wanda kowa ya yarda da shi bai wuce shekara miliyan 135 ba, lissafin DNA kuma yakan kai asalin baya da haka da miliyoyin shekaru, ɓangarorin biyu suna ta ja. A watan Afrilun 2024 masana 279 ƙarƙashin jagorancin Kew suka buga bishiyar da ta ƙunshi iri fiye da 9,500, wannan karon da gaɓoɓin DNA 353 maimakon ɗaya. Wasu samfuran daga tsofaffin takardun ma'ajiya aka gutsuro su, har da wani ɗan tsiro da aka tsinka a Nepal a 1829. Sakamakon ya goyi bayan abin da Darwin ya gani: fiye da kashi 80 cikin 100 na manyan rassan sun ɓalle ne cikin ɗan lokaci tun farkon tafiyar.

Wata guda bayan haka wani binciken ya waiwayi kuka ita kanta. Iri takwas ne a gidan Adansonia: shida a Madagaska, ɗaya a arewa maso yammacin Ostireliya, ɗaya kuma tamu. Da aka karanta DNA ɗinsu duka, masu binciken suka ce a Madagaska suka rarrabu, kimanin shekara miliyan 21 da suka wuce. Suna ganin ambaliya ce ta kwashi 'ya'yan kuka zuwa teku, ƙoƙonsu mai tauri ya yi ta yawo a kan ruwa, wani ya yi gabas, wani ya faɗo gaɓar Afirka ya tsira.